Bakin harsashina yana lotsawa: wad zan sauya ko me?

Abu Sumayya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar cika harsashi da hannu. Ina zaune a jihar Ohayo ta Amurka, ina harbin faifan yumɓu a wani kulob kusa da mu, galibi salon da ake kira tiraf, inda inji ke cilla faifan yana nisantar maharbi, daga layin yadi 16. Tsadar harsashin kanti ce ta sa na sayi injin MEC 600 Jr a hannun wani da ya daina amfani da shi. Bindigata mai lamba 12 ce, lambar nan ita ce ma'aunin faɗin bututu.

Kwanson da nake cikawa tsinto shi nake yi a kwandon kulob, akwai Winchester AA, akwai Remington, akwai kuma waɗansu masu arha da ake kawowa daga Turai. Wad ɗin da nake sawa, wato robar da ke raba albarushi da dalma a cikin harsashi, WAA12SL ne, mai ruwan hoda, da dalma mai girman ƙwaya lamba 8, nauyin oza ɗaya. Na AA da na Remington suna fitowa da baki shafe, gwanin kyau. Amma na Turan nan bakinsu lotsawa yake yi ciki, wani ma har da ɗan rami a tsakiya, in na juya shi ƙasa sai ƙwayar dalma ta faɗo. Ranar Asabar da safe, ana sanyi, ɗaya daga cikinsu ya yi wata ƙara maras ƙarfi, dalmar ta zube gabana kaɗan. Shin wad zan sauya, ko in ƙara albarushi ko dalma don kwanson ya cika?

Mai Kula da Zaure:
Wa alaikumus salam, Abu Sumayya, barka da zuwa. Kafin kowa ya amsa, tunatarwa ga kowa: a zauren nan ba a rubuta nauyin albarushi. Wanda ke son ma'auni ya ɗauko daga jadawalin da kamfanin albarushin ya wallafa, irin su Hodgdon da Alliant, duk suna da shi kyauta a shafukansu. Lamba ɗaya mutum ya rubuta ba daidai ba a nan, wani ya kwafa, an shiga uku. Sauran bayani kuwa bismillah.

Baba Maharbi:
Ɗana, kada ka ƙara ko ƙwayar albarushi ɗaya. Ba a cike gurbi da albarushi. Kuma kafin mu je ga wad, amsa mini wannan: bayan harsashin nan maras ƙarfi, ka karya bindigar ka leƙa cikin bututun kafin ka sake sa wani? Duk sanda ka ji ƙara ta bambanta, ka tsaya ka leƙa. Irin wannan harbin yakan bar wad a maƙale a tsakiyar bututu, na bayansa in ya zo ya tarar da hanya a toshe, ko bututun ya kumbura ko ya tsage, kuma hannunka na hagu a nan yake.

To, ga abin da ke faruwa da kai. Kwanson lamba 12 duk kamarsu ɗaya a waje, amma cikinsu iri biyu ne. AA da Remington STS da Gun Club cikinsu tsukewa yake yi yayin da ake gangarawa gindi. Na Federal Gold Medal da na Turai, wato Fiocchi na Italiya, Cheddite na Faransa, Rio na Sifen, cikinsu miƙaƙƙe ne tun daga baki har ƙasa, saboda haka sun fi faɗi a gindi, sun fi ɗaukar kaya. Wad ɗinka mai ruwan hoda an yi shi ne don mai tsukewa, ƙasansa siriri ne. In ka sa shi a miƙaƙƙen kwanso sai abu biyu su faru. Kayan ba za su kai tsayin da ake so ba, shi ne bakin ke lotsawa. Sannan ƙasan wad ɗin ba ya kama bango sosai, albarushi na iya silalowa ta gefe ya hau sama, musamman in harsashin ya sha girgiza a aljihu ko a bayan mota. Ka haɗa da sanyin safiya da bakin da bai riƙe ba, wutar ba ta samu matsin da za ta ci da kyau ba.

Ɗauki ɗaya daga kowane iri, wanda babu komai a ciki, ka tsaga shi gida biyu a tsaye da zarto ko wuƙa mai kaifi. Gani ya kori ji.

Abu Sumayya:
Na gode Baba. Na leƙa a lokacin, mai kula da layi ne ma ya tsayar da ni, bututun a buɗe yake alhamdu lillahi. Yanzu na tsaga guda uku. Na Remington roba ɗaya ce tun daga sama har ƙasa, bangon yana ƙara kauri wajen gindi. Na Turai kuwa bangon siriri ne daidai wa daida, sai wata 'yar roba daban da aka dasa a gindi. Na tura wad ɗina cikin rabin kwanson, ga sarari nan a gefe ina gani da idona.

Injiniya Bello:
Madalla. Ka ma lura da 'yar robar gindin nan, domin tsayinta ba ɗaya ba ne a duk kwanson Turai. Za ka ga biyu masu suna ɗaya, launi ɗaya, amma na ɗaya gindinsa ya fi tudu. Shi ya sa tsintuwar kwando ke wahalar da sabon shiga.

Bari in ƙara a kan na Baba. Wad na roba aiki uku yake yi a lokaci guda. Ƙasansa ɗan kofi ne da ke kife a kan albarushi, da wuta ta tashi sai leɓensa ya buɗe ya manne da bango, iskar ba ta wuce. Tsakiyarsa ƙafafu ne masu lanƙwasa, su ne ke shanye bugun farko don kada ƙwayoyin dalmar da ke ƙasa su lauye. Samansa kuma kofin dalma ne mai fukafukai, yana hana dalmar gogar ƙarfen bututu, in ya fita baki fukafukan su buɗe ya faɗi, dalma ta wuce. Ƙwayar da ta lauye ba ta tafiya miƙe, ita ce ke fita gefe ta bar faifai ya wuce lafiya.

Abin da mutane ba su cika kula da shi ba shi ne tsakiyar nan. Tsayinta da taurinta suna sauya yawan sararin da wuta ke samu a farkon tashinta, wannan kuma shi ke sauya matsi. Iyakar matsin da SAAMI, ƙungiyar da ke tsara ma'aunin bindiga da harsashi, ta sa wa lamba 12 mai inci 2¾ a Amurka ita ce psi 11,500. A Turai, iyakar da takwararta CIP ta sa wa irin wannan harsashin na yau da kullum, wanda suke kira 12/70, ita ce bar 740 a nasu ma'aunin matsi. Lambobin ƙanana ne in ka kwatanta da na raifil, kuma bututun bindigar dalma siriri ne. Mai cika harsashin raifil yana iya duba kwanson tagullarsa ya ga alamar matsi ya yi yawa. Mu ba mu da wannan gatan, kwanson roba ba ya faɗa maka gaskiya sai aikin gama ya gama. Don haka layin da ke jadawali, wato kwanso kaza, firaima kaza (ɗan abin da ke gindin harsashi mai tayar da wuta), albarushi kaza, wad kaza, dalma kaza, a dunƙule ake ɗaukarsa. Wanda ya sauya ɗaya ya fita daga abin da aka gwada.

Ɗan Zariya:
Injiniya, da girmamawa, amma kuna tsorata yaron nan da yawa. Ni wad ɗin kamfanin Claybuster nake sawa shekara da shekaru, ban taɓa sayen wad ɗin Winchester ba tun da na gano su. CB1100-12 yana maye gurbin WAA12SL, CB1118-12 yana maye gurbin farin WAA12, buhu ɗaya guda 500, kuɗin bai kai na asali ba. In sauya wad haɗari ne haka, da rabin mutanen kulob ɗinmu ba su da yatsu. Ai dalilin cika harsashi da hannu shi ne sauƙin kuɗi.

Injiniya Bello:
Ba mu saɓa ba sosai, Ɗan Zariya. Waɗanda ka ambata kamfanin ya yi su ne musamman a madadin na asalin, ya rubuta a jikin buhu wanda kowanne ke maye wa gurbi, kuma da yawa daga cikinsu suna da layinsu a jadawalin masu albarushi. Wannan ba kame-kame ba ne. Abin da nake hanawa shi ne mutum ya ce wannan wad na oza ɗaya ne, wancan ma na oza ɗaya ne, to duk ɗaya. Shi ne ya kawo Abu Sumayya nan.

Ni dai ko madadin zan sa, nakan zaɓi layin da matsinsa ke ƙasa da iyaka da tazara mai kyau. In layin ya riga ya kusa taɓo 11,500, ba na taɓa komai a cikinsa, ko firaima. Firaimar 209 ma ba duka ɗaya ba ce, Federal 209A ta fi Winchester 209 zafi.

Baba Maharbi:
Ɗan Zariya yana da gaskiya wajen kuɗi, amma a lissafa da kyau. A cikin harsashi guda, dalma ce ke cin kuɗi, sai firaima da albarushi. Wad shi ne ƙaramin cikinsu. Wanda ya zaɓi wad don rarar 'yan santi, ya samu baki maras kyau yana zubar da ɗaya cikin kaɗan, ina ribar? Nakan kuma duba abu guda a wad mai arha: fukafukan. Wani buhun za ka tarar an bar su manne da juna da zaren roba mai kauri. Je ka tsinto wad ɗinka a fili bayan harbi. In ka gan shi ya buɗe kamar fure, fukafukan duka sun baje, ƙasansa bai tsage ba, ya yi aikinsa. In ka tarar gefe ɗaya a rufe, ko kofin ƙasa ya fashe yana da baƙin hayaƙi ta gefe, wannan haɗin bai yi ba ko da na wane kamfani ne.

Maman Iman:
Sallama gare ku. Malam Abu Sumayya, shawarata ka ware kwanson nan tun yau, ka riƙe iri ɗaya kawai. Mu a gidanmu Remington kaɗai muke cikawa, sauran mu bar wa masu so. In kuwa na Turan ne suka fi yawa a kwandonku kuma kana son amfani da su, to ka nemi wad na miƙaƙƙen kwanso: Federal 12S0 na oza ɗaya, 12S3 na oza 1⅛, ko na Italiya irin su Gualandi da Baschieri & Pellagri, su da ma don irin kwanson aka yi su. Sai ka nemo layin da ya ambaci kwanson da wad ɗin tare.

Kuma don Allah ka daina kiransa da launi. Kowane kamfani da launinsa. A Winchester ruwan hoda na oza ɗaya ne, fari na 1⅛, ruwan toka na ⅞. A Federal mai ruwan hoda shi ne 12S3, na wani kwanson daban da wani nauyin daban. Ka je kanti ka ce a ba ka mai ruwan hoda, Allah kaɗai ya san abin da za ka dawo da shi. Lambar jikin buhu ake bi.

Tunda ana maganar kuɗi, 'yata tana cikin ƙungiyar harbin faifai ta makarantarsu a nan Minesota, kuma ⅞ muke cika mata da wad mai dogayen ƙafafu, WAA12L ko madadinsa CB0178-12. Buhun dalma fam 25 oza 400 ne. In 1⅛ kake zubawa zai ba ka harsashi 355, in oza ɗaya 400, in ⅞ kuwa 457. Ga rarar nan a fili, ba a wad ba. Sannan kafaɗarta ta huta, ta daina runtse ido kafin ta ja kunama, wanda shi ne ya fi damuna a da.

Ɗan Zariya:
Hajiya, ⅞ a layin yadi 16 ko a sikit, wato salon da faifai ke gilmawa kusa, na yarda. Amma ki koma baya yadi 25 ko 27 ki gani. Oza ɗaya ta lamba 8 ƙwaya kusan 410 ce, duk abin da kika rage daga nan ramuka kike buɗewa a cikin bazuwar dalmar. ATA, ƙungiyar gasar tiraf, ta yarda da 1⅛, me zai sa in shiga gasa da ƙasa da abin da na kusa da ni ke harbawa?

Maman Iman:
Ai ban ce ka shiga gasa da shi ba, Malam. Mai tambaya ya ce yadi 16 yake tsayawa, kuma atisaye yake yi. Sannan ka tuna a gasar Olamfik giram 24 ne iyaka, bai ma kai ⅞ cikakke ba, faifansu kuma ya fi namu gudu, suna farfasa shi. In wad ɗin ya dace da nauyin, dalmar kaɗan ce ke lauyewa saboda tsayin jerinta a kofi gajere ne. Abin da ba ya yi shi ne ka zuba ⅞ a kofin 1⅛, nan ma bakin lotsawa zai yi kamar na Malam.

Bakano a Yokshaya:
Ina ta karatu ina jin daɗi, ku mutanen Amurka kuna da zaɓi. Mu a nan Ingila tambayar farko ba wane wad na roba ba ce, a'a, shin filin ya yarda da roba ma? Filaye da yawa gonaki ne, ranar Lahadi a yi harbi, ranar Litinin tumaki da shanu su dawo kiwo a wurin. Manomi ba zai yarda a watsa masa dubban robobi a ciyawa ba, za ka ga allo a bakin ƙofa an rubuta fayiba kawai, wato wad na zaren tsiro mai ruɓewa. Kuma ni ina bayansu ɗari bisa ɗari. Na taɓa zagaya bayan wani filin da ake harba roba, gindin shinge ya yi fari fat da wad, wasu sun shekara a wurin sun fara farfashewa suna shiga ƙasa. Abin bai yi mini daɗi ba ko kaɗan.

Fayiba aikinta daban ne. Sai ka fara sa ɗan kwali mai tauri a kan albarushi, shi ne ke tare iska, sannan fayibar ta hau kai, sannan dalma tsirara ba kofi. Wanda ke cikawa da hannu dole ya daidaita kaurin fayibar da kansa har tsayin ya kai, kuma jadawalinta daban yake da na roba, ba a ɗaukar na wannan a sa wa wancan. Dalma tana gogar bututu kai tsaye, saboda haka wanki ya fi yawa, za ka ga zanen dalma bayan ɗakin harsashi. A giram 28 muke tsayawa, iyakar da CPSA, ƙungiyar harbin faifai ta Ingila, ta sa ke nan, kuma a gasar da aka yi wa rajista ba a yarda da harsashin da mutum ya cika a gida ba. Don haka masu cikawa a nan kaɗan ne, galibi masu tsofaffin bindigogi ko masu siririn bututu irin lamba 28 da .410, inda na kanti ke da tsada.

Ɗan Zariya:
Fayiba ai komawa baya ne, Bakano. Tun farkon shekarun 1960 aka koma roba, ba don ado ba, don ta fi tara dalma wuri ɗaya. Ka ba ni faifai mai tsallakawa a yadi 45, kai da fayiba ni da roba, mu gani.

Bakano a Yokshaya:
A yadi 45 zan ba ka ɗan fifiko, ban musa ba. Amma faifai nawa ne cikin ɗari ke kai wannan nisan a filin da talaka ke zuwa? A nisan da aka saba, in na ga bazuwar ta buɗe sai in ƙara matse cok, wato tsukewar bakin bututu, mataki ɗaya, shi ke nan. Inda na yarda fayiba na ba da matsala shi ne sabbin bindigogin da aka faɗaɗa cikin bututunsu. Asalin faɗin lamba 12 inci 0.729 ne, wasu yanzu suna kai 0.740 ko fiye. Leɓen roba yana buɗewa ya cike wannan faɗin, kwali kuwa ba ya buɗewa haka, iska na iya wucewa ta gefe, musamman da sanyi. Mai irin wannan bindigar ya gwada kafin ya sayi harsashin fayiba da yawa.

Kuma maganar ba za ta tsaya a nan ba, domin dalma kanta ana kan hanyar raba mu da ita. Tarayyar Turai ta hana harba ta a wurare masu dausayi tun Fabrairun 2023, Amurka ta hana ta a farautar agwagin ruwa tun 1991. In aka koma ƙwayar ƙarfe, ita tana buƙatar kofi mai kauri da zai kare bututu, wad ɗin dalma ba ya yi mata sam. Shi ya sa Eley da Gamebore da Bioammo na Sifen suke fito da kofunan da ke narkewa ko ruɓewa a ƙasa.

Malam Na Gusau:
Ni ba na harbin faifai, ina bin zauren ne don sha'awa. Amma wannan bayanin na Bakano ya tuna mini kakana da bindigarsa ta toka. In ya zuba albarushi sai ya yagi tsumma ya dunƙule, ya tura da sandar ɗuri ya daddanna, ya zuba ƙwayoyin, ya sake bin su da wani tsumman don kada su zubo. Yakan ce in tsumman farko bai kama ba, bindiga tusa kawai za ta yi. Ashe aikin ɗaya ne har yau, kayan ne suka sauya.

Baba Maharbi:
Sosai kuwa, Malam, Allah ya jiƙan kaka. Abin da ya sani da hannunsa shi ne Injiniya ya faɗa da lamba. Bambancin kawai shi ne albarushinsa baƙi ne, namu na zamani ne maras hayaƙi, kuma na zamani ba ya yafe ganganci. Kada wani ya ji wannan hira ya zuba na harsashin zamani a bindigar toka, fashewa za ta yi.

Mai Kula da Zaure:
Tunda an taɓo gida, in ƙara da cewa hirar nan ta waɗanda ke zaune ne inda doka ta ba su izinin cika harsashi. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ba ta bar mutum ya riƙe bindiga ko harsashi ba lasisi ba, balle ya haɗa a gida. Ko wad da firaima kada wani ya sa a jaka ya ce zai kai wa wani tsaraba.

Abu Sumayya:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Na yanke shawarar riƙe Remington da AA kawai a yanzu. To tambaya ta gaba: a jadawalin albarushina, ƙarƙashin kwanson Remington da oza ɗaya, na ga wad har kala uku da aka yarda da su, akwai TGT-12, akwai WAA12SL ɗin da nake da shi, akwai na Claybuster. Tunda duk an gwada su, ta yaya zan san wanda ya fi?

Baba Maharbi:
Yauwa, yanzu ka zo inda zaɓi yake. Cikin waɗanda jadawali ya yarda da su, alƙali biyu ne: bakin harsashi da takarda.

Fara da baki. Cika kaɗan da kowane wad ba tare da ka taɓa saitin injin ba. Kafin ka rufe, leƙa ciki ka ga inda dalma ta tsaya, ya kamata ta bar wajen rabin inci ko ƙasa kaɗan zuwa bakin kwanso, ta kuma cika kofin daidai da kan fukafukai. Bayan ka rufe, ninkin takwas ɗin nan su haɗu a tsakiya ba rami, saman ya kwanta shafe, ya ɗan nutsa ƙasa da gefe kamar kaurin kwabo siriri. Ajiye su su kwana. Wanda kayan suka yi masa yawa za ka tarar da safe bakin ya fara tasowa. Wanda ya zauna yadda ka bar shi, shi ne tsayinsa ya dace da albarushinka, domin wani albarushin ya fi wani cin wuri ko da nauyinsu ɗaya. Ka kuma duba 'yan yatsun da ke shigar da wad a injin naka. Tunda tsoho ne, in sun karye ko sun lanƙwashe za su riƙa kama bakin kwanso ko su naɗe fiffike ɗaya ciki, ka ɗora laifin a kan wad alhali ba shi ba ne. Kuɗinsu kaɗan ne, sauya su.

Sai takarda. Samu babbar takarda ka kafa a yadi 40, ko kuma a nisan da kake fasa faifai da gaske, wanda ga mai tsayawa a yadi 16 yakan kama yadi 30 da 'yan kai. Harba, sannan ka zana da'ira mai faɗin inci 30 a inda dalmar ta fi taruwa. Kada ka yanke hukunci da takarda ɗaya, harsashi biyu daga buhu guda ma ba sa ba da hoto ɗaya. Yi aƙalla biyar ga kowane wad, cok ɗaya, rana ɗaya. Ni ba na ma tsayawa ƙirga kawai. Nakan ɗauki faifan yumɓu, faɗinsa wajen milimita 110 ne, in riƙa ɗora shi a cikin da'irar ina neman inda zai zauna ƙwaya ba ta taɓa shi ba. Wad ɗin da ya bar irin waɗannan guraben kaɗan a bindigarka, shi za ka saya da yawa. Tawa bindigar na iya zaɓar wani daban.

Injiniya Bello:
Ƙari ɗaya: bayan gwajin, kwance cok ɗin ka duba cikinsa. Wani wad yana barin roba a bango fiye da wani, in ta taru tana ƙara matse bakin. Burushin tagulla da ɗan man wanki na cire ta, amma in biyu sun yi kunnen doki a takarda, ni wanda bai cika barin roba ba nake ɗauka.

Maman Iman:
Kuma Malam, tunda na ga sunan Sumayya, ina zaton akwai yara a gidan. Teburin nan ya kasance inda ba sa shiga, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci, ƙwayar da ta zube a tsince ta da hannu ko a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 bai kamata a tuna mana sau biyu ba.

Abu Sumayya:
Gaskiya ne Hajiya, a gareji yake kuma da makulli. Baba, na gwada na baki jiya da dare. TGT-12 da wanda nake da shi duk sun kwana shafe a kwanson Remington, na ukun ban samu a kantinmu ba tukuna. Yatsun injin biyu a karye suke, na yi odar sababbi. Takarda sai ƙarshen mako in iska ta lafa. Saura waɗanda na riga na cika a kwanson Turai, akwai su cikin wani kwali. In ɗiga musu kakin kyandir a baki in harbe su a atisaye?

Baba Maharbi:
A'a ɗana. Kaki zai tare ramin sama ne kawai, sararin da ke gefen wad a ƙasa yana nan. Yanke kowanne daga ƙasan ninkin baki, ka juye dalmar a gwangwani, ka zaro wad ɗin da filaya, duk za su sake amfani. Albarushin in ka tabbata iri ɗaya ne ka zuba a dukansu, mayar da shi cikin robarsa ta asali, in kana da shakka ko kaɗan kada ka haɗa shi da sauran. Firaimar kuwa tana da rai, kada ka buge ta da ƙarfi, tambayi mai kula da kulob ɗinku yadda suke zubar da irinsu. Ka sa tabarau kafin ka fara.

Ɗan Zariya:
In ka yi takardar ka ɗora mana hotunan a nan. Zan aiko maka da CB1100-12 kaɗan ta hannun wani ɗan'uwa da ke zuwa Kolombus, ka haɗa da shi a gwajin, ina son in ga yadda zai yi a bindigarka.

Abu Sumayya:
To madalla, na gode Yaya. Zan jira su iso sai in yi ukun rana ɗaya.